Foldar Inna

Zuwa ga ƙanwata Rabi,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya maigidan naki da yara? Ya ruwan Fatakwal, ya kuma ƙarin haƙurinmu? Mu nan Kusada lafiya lau, an fara yankan gero.

Hotunan da kika ce in haɗa miki na gama. Bayan sadakar arba'in ɗin Inna na karɓi wayoyin mutanen gida, na juye komai a kwamfutata, na buɗe wa kowa folda da sunansa. Na kwafe a filas biyu, irin na adana bayanan kwamfuta. Ɗaya naki ne, ɗaya na kai wa Kawu a Kankia ajiya, don kada kwamfutar ta lalace mu rasa duka.

Foldar Inna ta cika. Ga ta tare da ke, ga ta da autanmu Sani, ga ta cikin jikoki. Ni ne babu. Kin san kunyar ɗan fari. Da na matso za a ɗauka, sai ta miƙe wai ta bar tukunya a wuta.

Guda ɗaya na samu. Ranar ɗaurin aurena ne, ina tsaye da abokai a tsakar gida, can baya ta ɗaga labule tana kallona. Na yi ta ƙara girmansa har fuskar ta dushe. Ban yi kuka ba, Rabi. Tun rasuwar ba na jin komai. Kallo kawai na yi har caji ya ƙare.

Ki gaida mutanen gidan. Ki sa Inna a addu'a, ni ma kada ki manta da ni.

Hoton nan har yau ban san inda zan sa shi ba, foldarta ko tawa.

Yayanki,
Lawal