Tulun Balki a Ƙofar Maigari

Zuwa ga ɗana Lawali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya zaman Ikko? Mu nan lafiya lau. Ka yi haƙuri da rubutuna, hannun bai gama sabawa ba.

Na rubuto kafin wani ya riga ni. An yi taro a ƙofar Maigari kan inda za a haƙa rijiyar burtsatse. Dattawa suka zaɓi hayin rafi, inda muke fargabar tura 'yan mata ɗiban ruwa. Mu mata muna bayan zana kamar kullum, sai matarka Balki ta fito da tulu cike da ruwa, ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, cikin dattawa wani ya kai tulun nan hayin ya dawo." Kawunka ya cicciɓi tulun, ya jiƙa rigarsa sharkaf. Maigari ya yi dariya ya ce, "To, ku mata, ina kuke so?" Lawali, mu aka tambaya! Yanzu ana haƙawa a bakin kasuwa.

Don Allah kada ka yi mata faɗa. Ka sa mu a addu'a, ka gaida abokan zamanka. Taro mai zuwa, a gefenta zan zauna.

Mahaifiyarka,
Inna Hajo