Basbusa Ta Shiga Adashi

Zuwa ga Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya Kano, ya maigidan da yara? Mu nan unguwar Zahir a Makka lafiya lau, sai zafi.

Labarin magenki Basbusa zan ba ki. Kin tuna ranar da za ki koma gida, kika miƙo min ita a kwando kika ce, "Rabi, amana ce, ko ke ba ki ci ba, ta ci." Na ɗauka wasa kike.

To, watan jiya Basbusa ta haɗiye zaren da nake ɗinkin abaya da shi. Ta daina cin abinci, ta lafe a ƙarƙashin keken ɗinki ko motsi ba ta yi. Maigidana, Baban Walid, mai cewa kullum ba ruwansa da ita, shi ya bar neman fasinja a Aziziyya ya zo ya kai mu asibitin dabbobi. Aka yi mata aiki, ta tashi. Abin da muka tara don gyaran mukayyif, na'urar sanyaya falon nan kuwa, can ya tafi. Yanzu da fanka muke maneji, ita ce ma take kwanciya a gabanta kamar ita ta saya.

Likitan ya ba mu shawarar yi mata ta'amin, inshora ke nan: mu riƙa biya duk wata, in ta sake kwanciya su ɗauki nauyi. Baban Walid ya yi ta dariya, wai mota na da shi, mage za ta samu, shi kaɗai ne a gidan ba a tsoron ya lalace.

Ni kuwa ban yi dariya ba, Yaya, don na tsorata da ciwon nan. Na zauna na auna. Ga haya, ga makarantar Walid, ɗinki kuma sai lokacin alhazai yake kawo abin kirki. In muka shiga, naman Juma'a ya fita daga tukunya. Da na ƙara tambaya, sai aka ce duk abin da ya shafi cikinta ba za su biya ba, tunda an riga an yi mata aiki a nan. Wurin da nake wa fargaba ke nan. Na haƙura.

Hajiya Balaraba ta saman bene, wadda Basbusa ta raba da ɓerayen sito, ita ta kawo mafita. Ta ce a ba Basbusa hannu a adashinmu na mata, ni in zuba rabi ita Hajiya rabi, in kwasarta ta zo a ajiye don ranar ciwo. Yanzu in uwar adashi tana kiran sunaye, tsakanina da Hajiya sai ta ce "Basbusa," kowa ya fashe da dariya.

Yaya, ba don ɓera nake riƙe da ita ba. Har yanzu in aka taɓa ƙofa bayan la'asar, da gudu take zuwa, lokacin da kika saba dawowa. Ni ma sai na ɗaga kai.

Allah Ya ƙara miki lafiya, Ya raya mana yara, Ya sake kawo ki ƙasar nan ko da Umara ce, ki zo ki ga yadda ta yi ƙiba.

Taki ƙanwa,
Rabi