Na Daina Yi Wa Ummi Ɗura

Yaya Ladi,

Gaisuwa mai yawa daga Samaru. Ya Malam da yara, ya ƙafar taki? Ya ƙarin haƙurinmu?

Yaya, na daina yi wa Ummi ɗura. Tun da Sadiku ya rasu aka ce rama ce ta kashe shi, kullum nake danne ƙanwar tasa a cinya, in toshe mata hanci, in ɗura mata kunu har ta yi amai. Ranar Talata na ɗauko ludayi zan sha nawa, sai ta ruga bayan ƙofa ta rufe baki da hannu biyu. 'Yata ce take tsorona. Na yi kuka sosai.

Inna uwar mijina ta zo daga Muciya, ta ɗaga hannun yarinyar ta ce, "Wannan ma haka za ki bari ta tsotse?" Na durƙusa na ce, "Inna, ki yi haƙuri, ba mai sake toshe mata hanci, ko ke ce." Ko ruwa ba ta sha ba ta tafi.

Jiya Ummi ta ci loma uku a kwanona ta ce ta ƙoshi. Na ƙyale ta.

Ki roƙa mini Allah in ɗore. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Hassana