Kaka, Na Je Neman Mai Fim Ɗinki

Salamu alaikum mutanena, ina gaisuwa. Na ga saƙonninku duka, da masu cewa Hassi ta ɓace, da masu cewa wai an kawo kayan sa rana shi ya sa na yi shiru. To ku kwantar da hankalinku, ba miji na tahi nema ba. Wanda ya mallaki kakata na tahi nema. E, haka na ce, ba kuskuren rubutu ba ne. Amma yau ba da ku nake magana ba, da ita nake. Ku dai ku samu wuri ku zauna gefe.

Zuwa ga kakata, Hajiya Kulu ta Dandin Mahe.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda jika ke yi ma kakarta, gwiwa biyu a ƙasa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji, kabarinki da haske da yalwa. Mutanen gida duk lahiya lau. Baba shina nan da gonar albasarshi, ƙafar Inna ta yi sauƙi, jikar akuyarki mai baƙin kunne ita ma ta haihu.

Dalilin wagga takarda, Kaka, maganar majigi ce, fim ɗin nan da ake yawo da shi ƙauyuka ana haskawa bisa farin ƙyalle. Na san da kina kusa da kin ce in rufe miki baki, to amma yau sai kin ji.

Kin tuna yadda nake tsokanarki kan ruwa? Ki tace da farin ƙyalle, ki sake tacewa, ki dafa, ki rufe randa da faifai kamar za a sace. Ko ruwan leda anka kawo miki sai kin ɗaga shi ga rana kin duba. Ƙwaryarki kau tsabar wanki har ta fara zama sirirya. In na ce tsohuwa ki tausaya ma ƙwaryar nan, sai ki ce, "Ke 'yar nema, ni anka nuna ma duniya ina shan tabki, ba ke ba."

Ban gane maganar ba sai ranar da muke zaɓen albasa a rumfa, ni da ke, kinka ba ni labarin tun daga tushe.

Kinka ce zamanin Turawa ne, saura kaɗan su tahi. Kina budurwa, kina kai fura kasuwar Bodinga. Wata mota ta zo Dandin Mahe da Bature da malaman En'e, da wani akwati mai ƙafa uku. Fim za su yi kan ruwan sha, a riƙa nuna ma ƙauyuka. Gida biyu sunka shirya, gidan mai hankali da ke shan rijiya, da gidan sakarai da ke shan tabki. Maigari ya sa anka tara 'yan mata. Kowa ya sunkuyar da kai, ke kaɗai kinka tsaya kina kallon akwatin kina dariya, shi ke nan anka ce ke ce matar sakarai.

Anka goya miki ƙanenki Sidi, lokacin ko yaye shi ba a yi ba, a matsayin ɗanki. Anka ce ki ɗebi ruwa inda shanu ke sha, ki kai bakinki, ki kai bakin yaro. Daga nan ki zauna bisa tabarma ki yi kuka, ga yaron an naɗe shi cikin farin ƙyalle kamar gawa. Kinka ce min, "Barci shikai abinai, innarmu ta ba shi nono ya ƙoshi." Sunka ba ki ɗankwali da sabulu, sunka yi gaba. Ku duk wasa kunka ɗauke shi.

Abin da ba ku sani ba, masu majigi ba su nuna fim a garin da anka yi shi. Wai mutane ba su sauraren darasi, sai nuna 'yan uwansu da yatsa suna shewa. Don haka Bodinga anka kai shi, da Shagari, da Kajiji, Dandin Mahe kawai anka tsallake. Kuma fim ɗin ba ya magana. Wani ne ke tsayawa gefen farin ƙyalle da lasifika shina ba da labari da bakinshi, shina ƙara gishiri don mutane su yi dariya. Shi kau ya san ki a kasuwa. Da kinka bayyana sai yac ce ga Kulu ta Dandin Mahe mai fura, ku ga abin da ganganci ya jawo mata.

Mutanen da ba su taɓa ganin an yi wasa a jikin ƙyalle ba, Kaka, ina za su san wasa ne? Mata sunka taso daga Kajiji da ƙafa, da 'yan kwanoninsu na gero, wai sun zo ta'aziyya. Sunka iske Sidi shina rarrafe tsakar gida. Kinka ce ɗaya ta dube shi tac ce, "Allah sarki, har ta samu wani." Mahaifiyarku ta yi rantsuwa har ta gaji, cewa ke ko aure ba ki yi ba. Sunka ce su da idonsu sunka gani, kuma motar En'e ba ta ƙarya.

Nan wurin kullum kike dariya in kina ba da labarin. Gaba kaɗan kuma sai dariyar ta ƙare. Don ranar kasuwa da ta biyo kin zauna da ƙwaryar furarki har la'asar ba wanda ya saya. Kulu Mai Tabki, sunan da ya bi ki ke nan har kinka yi jikoki. Ba ki sake sayar da abin ci ba. Marigayi kakana ma kinka ce ya aure ki ba fargaba ne don shi ya tsare shanun a bakin tabki ranar da anka ɗauki hoton. Kinka bar duniya ba ki taɓa ganin fim ɗin ba.

To Kaka, ni na gan shi.

Da daminar da ta wuce ina kwance ina latsa waya, sai ga wani guntun bidiyo fari da baƙi ana ta turawa. An rubuta bisa, ku ga ƙazantar mutanen da, wannan mata ta kashe ɗanta da ruwan tabki. Wata doguwar yarinya ta duƙa da ƙwarya, ta ɗago. Wushiryarki na fara gani. Wallahi sai da wayar ta faɗo min a fuska.

Ba zan gaya miki abin da mutane sunka rubuta a ƙasa ba. Na yi ta faɗa da su ɗaya bayan ɗaya har caji ya ƙare. Da na gaji sai na ɗora bidiyon a shafina, na rubuta bayani dogo, cewa kakata ce, wasa ne. Washegari anka sauke shi. Saƙo ya zo wai na taɓa kayan da ke da mai shi. Na masu zagi kau sun yi yawa, a sauke nan ya fito can. Nac ce au, ashe fuskar kakata tana da mai ita? To sai na gan shi.

Kin san bokona, aji uku na sakandare na tsaya. Amma waya tana fassara, ni kuma Allah Ya ba ni naci irin naki. A gefen bidiyon akwai tambarin wani kamfani na waje, su na fara rubuta ma. Sunka amsa cewa ba nasu ba ne, izinin sayar da guntayen kawai gare su, kuma daga wani gidan adana tsoffin finafinai na Ingila sunka same shi. Na rubuta ma gidan. Shiru, shiru, har na fidda rai, sai ga amsa daga wata mata da ke aiki can. Tac ce faifan shina hannunsu, gaskiya ne, amma ajiya ce. Sashen fim na gwamnatin mulkin mallaka ne ya yi shi, kuma a fahimtarsu da anka ba da 'yanci haƙƙin ya koma hannun gwamnatin Arewa ta lokacin.

Na ce to abu ya zo gida. Na hau bas daga Bodinga zuwa Sakkwato, ofis ya tura ni ofis, har na dace da wani dattijo mai kirki da ya kusa ritaya. Ya ba ni kujera, ya saurare ni har ƙarshe. Yac ce 'yata, waccan gwamnati ai an raba ta jihohi, jihohin ma an sake raba su. Ya ji manyansu na cewa an raba motoci da kujeru, amma bai taɓa jin wanda ya ce shi ya gaji finafinan majigi ba. Ya ce in tambaya a Kaduna. Na samu lambar waya na tambaya, can ma anka ce a bincika Legas ko Ingila. Na dawo inda na fara, da ciwon kai.

Kowa ya taɓa fim ɗin nan, Kaka. Wani na ajiye da shi, wani na sayarwa, wani na saukewa in an ɗora. Amma in ka ce wa ke da shi, sai kowa ya nuna na gaba. Matar Ingila tac ce su irin wanga fim maraya suke ce mishi. Na rubuta mata cewa ni dai na san danginshi, muna nan Dandin Mahe, ba wanda ya taɓa tambayarmu.

Allah Ya saka ma matar nan da alheri, ba ta yi fushi ba. Ta gaya min gaskiya ba ɓoye. Ba za ta iya ba ni izinin ɗora shi a intanet ba, don ba nasu ba ne balle su bayar. Amma abu biyu za ta iya. Za ta turo min cikakken fim ɗin mu kalla cikin gida, mu dangi, in na yi alƙawari ba zan watsa ba. Kuma bayanin da ke ƙarƙashin fim ɗin a shafinsu, inda anka rubuta wata 'yar ƙauye da jaririnta da ya rasu, za a iya gyara shi in akwai shaida mai rai.

Shaida mai rai! Na hau keke napep sai rumfar albasar Kaka Sidi a kasuwar Bodinga. Ya tsufa, kunnen sai an ɗaga murya, amma bakin na nan. Yac ce ba za a ɗauke shi da rigar kasuwa ba, sai da ya aika anka ɗauko babbar rigarshi ta Juma'a. Ya gyara hula, ya dubi waya, yac ce, "Ku gaya ma Turawa ni ne gawar, kuma har yau ban mutu ba." 'Yan kasuwa sunka kwashe da dariya. Haka na tura, da dariyar da komai.

Ranar da munka kalla, bayan azahar ne, a falon Baba. Munka toshe tagogi da barguna, maƙwabta sunka aro mana babbar talabijin. Fim ɗin ya fara, ba murya, ba kiɗa, ba wanda ya san abin da zai yi da shirun. Sai ga ki kin taho daga nesa da ƙwarya bisa kai, kina tafiyar nan taki ta wadda ba ta tsoron kowa. Baba ɗanki ne, amma bai taɓa ganin fuskarki ta ƙuruciya ba. Ya cire hula ya riƙe a hannu, bai sake mayarwa ba.

Anka zo wurin tabarma. Guntun da ake turawa a waya nan yake yankewa, kina duƙe kafaɗunki na rawa. Amma cikakken ya ci gaba kaɗan. Wata 'yar ƙafa ta fito daga cikin farin ƙyalle ta harba iska. Kinka cafke ta da sauri kinka tura ciki, kinka cusa bakin mayafi a baki. Kaka, duk wanda ya zauna da ke ya san wannan rawar kafaɗa. Dariya kike dannewa. Garuruwa sun yi ta kallonki suna cewa kukan uwa ne, ashe ke da ƙanenki ne kuke shirme. Kaka Sidi ya yi dariya har da tari, daga nan ya miƙe ya fita tsakar gida, ya daɗe tsaye gaban randarki. Ba wanda ya bi shi.

Ban samo mai fim ɗin ba, ƙawata, ba zan yi miki ƙarya ba. Kamfanin na nan na sayar da guntayenshi, ni kuma na yi alƙawari kuma zan riƙe, ba zan ɗora ba. Amma makon jiya matar ta turo min hoton shafinsu. An goge tsohon bayanin. Yanzu an rubuta cewa wannan Kulu ce ta Dandin Mahe, budurwa mai sana'ar fura, tana wasan kwaikwayo da ƙanenta Sidi, wanda ya rayu har ya tsufa. Na karanta ma Baba, ya sa na sake karantawa. Duk wanda ya je neman asalin fim ɗin nan daga yau, abin da zai iske ke nan.

Allah Ya jiƙanki, Kaka. Ya gafarta miki, Ya sa kin huta. Ya yafe ma mai lasifika, shi ma bai san inda maganarshi za ta kai ba. Allah Ya shayar da ke daga tabkin Alkausara, Ya haɗa mu a inda ba a yi ma kowa ƙarya. Amin.

Taki har kullum, mai damunki da surutu,
jikarki Hassi.

Ku kuma mutanena da kunka zauna shiru har nan, na gode. Ku je ku tambayi tsoffinku labarin majigi tun suna nan. Wa ya kalla, a wane gari, mi anka nuna, ko akwai naku da ya fito ciki? Ku rubuto min, zan karanta duka. In kuma guntun bidiyon nan ya iso wayarku, don Allah kada ku zagi kowa. Ku rubuta a ƙasa kawai cewa sunanta Kulu, wasa take yi, jaririn kuma shina kasuwar Bodinga, duk mai shakka ya je ya sayi albasa a hannunshi.