Ki Shigo Gidana da Sandarki

Zuwa ga Hamdiya, sanyin idona, inuwar gawo a tsakiyar rani, ruwan farko mai tayar da ƙamshin ƙasa,

Gaisuwa daga Dakoro, garin da ya yi mini faɗi tun ranar da kika hau motar Yamai. Na rubuta da manyan harufa saboda idonki na hagu, don kada wani ya karanta miki abin da nake so ki ji ke kaɗai.

Albishir ya iso mini, Hamdiya! Ina cikin garke a Ɗan Gulbi ina yi wa awaki allura sai ga wayar Inna Lalla, wadda kuka kafa ƙungiyar masu irin ciwonki tare. Ta ce komiten likitoci ya yarda a gwada muku maganin, ku tara, a ƙarƙashin kulawar likitan jijiya. Na saki akuyar da ke hannuna na yi tsalle, har mai garken ya ɗauka kunama na taka. Har yau ban sani ba ko akuyar nan ta samu allurarta.

Kin tuna yammacin da muka zaga bakin tafki bayan an ɗauke ruwa, damina biyu da suka wuce? Kina ba ni labarin yaran da kike koya wa boko a lakwal, muryarki tana gangarowa kamar nonon safe cikin ƙwarya, sai takalminki ya zame ya tsaya a laka. Kika yi taku biyar ba ki ji ba. Na ɗauko na miƙa miki, muka yi ta dariya. Ina muka san cewa sallamar ciwo ce? Sai daga baya likitocin Yamai suka ba shi suna, siklerozi, mai cinye rigar jijiya, yau ya kama ƙafa, gobe ido, jibi ya lafa kamar bai taɓa zuwa ba.

Bari in amsa laifina a rubuce. Da kika fara zancen maganin nan na ƙarin ruwa, ni ne farkon wanda ya tare miki hanya. Don wata cuta dabam aka yi shi. Wani likita ya ce yana tsayar da irin naku, wani ya ce yana raunana garkuwar jiki, kuma babu takardar da ta ba da izinin sa muku shi. Tsoro ya kama ni, na ce ki haƙura. Kika dube ni da idanun nan naki masu kama da na barewa, kika ce: "Agali, ban ce zai warkar da ni ba. Cewa na yi a gaya mini amfaninsa da haɗarinsa, in zaɓa da bakina, tunda ƙafar tawa ce." Washegari na ɗauki takardar kokenku zuwa ga komiten likitoci na shiga kasuwar Kornaka, daga 'yan wake zuwa 'yan raƙuma, ina neman sa hannu. Wani dattijo ya dangwala yatsa sau biyu, ya ce na biyun na matarsa ne, ita ta aiko shi.

Inna Lalla ta ce da kika miƙe gaban komiten, sai kika aje takardar kika yi magana da ka, kamar kina gaban allo. Ta ce kin juya wajen likitan da ya fi kowa ƙin maganin, kika roƙe shi ya zama shi ne mai duba jininku kowane wata, tunda ya fi kowa sanin abin tsoro. Ya kuwa karɓa. Wa ya koya miki wannan, tauraruwata? Ni da nake kokawa da bijimai ban da rabin zuciyarki.

Yanzu ga nawa koken, kuma ke kaɗai ce komitena. Kin ce kada kawunnena su je wajen Baba a sa rana sai kin yi tafiya ba sanda. Hamdiya, maganin nan zai iya yi, zai iya ƙi, ke kika koya mini faɗin haka ba tare da murya ta karye ba. To don me aurenmu zai jira abin da ba mu da iko da shi? Ba tafiyarki na gani na so ba. Na share tsakar gida, na fasa dokin ƙofa na daidaita shi da ƙasa, na haƙa ramin dasa itacen bedi kusa da ɗakinki, don inuwa. Ki shigo da sandarki. In ta gaji, ga kafaɗata.

Ranar Talata zan hau motar Maraɗi, Laraba ina Yamai. Alhamis, lokacin da za a ɗaura miki ruwan farko, ina zaune a bakin ƙofar lopital, ba zan gusa ba sai kin aiko mini da kalma ɗaya in kai wa kawunnena.

Naki a ranar da ƙafa ta ɗauke ki, naki a ranar da ta ƙi,

Agali