Gaskiya Ɗaya Ce, Terkimbi

Zuwa ga ƙanena Terkimbi,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, tare da fatan kai da Mimidoo da yara kuna lafiya a Ingila. Allah ya ƙara maka ƙarfin kula da marasa lafiyarka. Mu ma a Gboko sai godiya. Mama tana samun sauƙin ƙafar, amma tun rasuwar Baba ba ta cin abin kirki. Ran Lahadi na daka mata sakwara, ta kai loma biyu ta ture, wai ba wanda ya iya sa ta cin abinci da surutu irinka. Wallahi ina kewarka, har kunyar faɗa nake ji.

Ka san ba za a binne Baba ba sai dattawan dangi sun zauna sun bincika wanda ya kashe shi, kamar yadda aka saba. An sa ranar ashirin ga watan gobe. To, tun kafin a zauna an riga an nuna ƙanensa Baba Iorzua da baki, wai maye ne, shi ya ci wansa saboda faɗan da suka yi bara kan iyakar gonar lemo. Yanzu ba mai sa hannu a kwano ɗaya da shi. A coci benci guda ake bar masa. In zaman ya tabbatar da zargin, korarsa za a yi zuwa dangin uwarsa, tsoho mai shekara saba'in da uku, kuma ba zai ga kabarin ɗan'uwansa ba.

Kai ka zo ka yi jinyar Baba mako uku a Makurdi. Kai ka karanta takardun, ka zaunar da ni ka ce ciwon suga ne ya cinye ƙodarsa. Amma da na roƙe ka ka zo ka faɗa wa dattawa, sai ka aiko min da wani dogon bayani, wai kowa da gaskiyarsa, likita da tasa, dattawa da tasu, ba ka da hurumin cewa wani ya yi kuskure. Haba Terkimbi! Karatun da ka tafi yi ke nan? In mai ciwo ya ce maka a tasa gaskiyar gishiri ne maganin hawan jini, miƙa masa kake yi? Ko dai Baba Iorzua ya kashe Baba, ko bai kashe shi ba. Ba ta uku. Allahn da muke durƙusa wa ya san abin da ya faru, kuma ba ya canza magana don an haye kogin Binuwai ko an haye teku. Da kowa da gaskiyarsa, da ba a hana mu shaidar zur ba, don ba abin da zai zama zur. Yesu kuma bai hau gicciye don ra'ayi ba.

Na san tausayi ne ya sa ka faɗi haka, ba ka son raina manya. Ni ma ban ce ka raina su ba. Amma wannan ladabin naka, tsoho ɗaya ne yake ɗaukar nauyinsa. Ni mace ce mai aure a wani gida, ba a jin muryata a wannan zama. Fasto kuwa bare ne. Kai ne ɗan fari namiji.

Ina kewar yaron nan da ya fasa tulun Mama, aka kama ni za a doka, ya fito yana kuka yana cewa shi ne. Shi nake so ya dawo mana.

Shekaranjiya na je wurin Baba Iorzua. Ya rame, keken da yake kai ka makaranta a kai yana jingine ba iska. Na kasa gaya masa amsarka. Ya nuna min wata ƙatuwar doya da ya ware a rumbu, ya ce taka ce, kada kowa ya taɓa. Ya ce shi hankalinsa kwance, ai Terkimbi yana wurin jinyar, ya gani da idonsa, yana zuwa zai faɗa musu.

Ka gaishe min da Mimidoo, da Sesugh da ƙaramar Nguveren. Mama da mijina suna gaishe ku. Doyar ba za ta wuce watan gobe ba.

Yayarka,
Ngohide