Huji Biyu a Goshin Buick

Marinette, Wisconsin
Farkon Afrilu

Yaya Arlene,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwar nan taki tana barin ki barci. Na rubuto ban buga waya ba, domin wayar gidan nan a kicin take, 'yata Colleen kuma ko albasa take yankawa kunnenta yana wurina.

Yaya, na shiga uku. Kin san tun rasuwar matata Maxine, Colleen ta matsa sai da na tattaro na dawo gidanta. Gada ɗaya ce fa tsakanin Menominee da nan, daga tagata ina hango rufin cocinmu, amma wai na bar Michigan. Na je sauya rajistar mota, matar ofis ta miƙo mini lamba biyu. Na ce, "Baiwar Allah, mota ɗaya gare ni." Ta ce, "Ɗaya gaba, ɗaya baya. Haka muke yi a nan."

To, Buick ɗina ba ta da mazaunin lamba a gaba, sai an sa injin huda an ɓula bambarta. Motar da Maxine ta zaɓa da kanta, ta ce ita kaɗai ce a filin dillali take mata murmushi! Ban taɓa barin ko keken kanti ya goge ta ba, yanzu a ce in tsaya ina kallo a huda mata goshi?

Na jefa lambar gaban a but ɗin motar na ci gaba da harkata. Shekaranjiya wani ɗan sanda, yaron da ko gemu bai gama ba, ya tare ni ya ba ni takardar gargaɗi. Colleen ta gani. A gaban mijinta da 'ya'yanta ta ce in aka ƙara tare ni za ta karɓe mukulli. In ta karɓe, wa zai riƙa kai ni maƙabarta wurin Maxine ranar Lahadi? Su coci suke zuwa, sannan ƙwallon yara.

Ki taimaka ki nemo mini dillalin motoci mai tsoron Allah, wanda zai maƙala abin nan ba huji.

Ƙaninki,
Vernon

Escanaba, Michigan

Vern,

Na samu takardarka. Gwiwa da sauƙi, kai ne dai ciwon da ya rage mini.

Tun kana ƙarami haka kake. Na tuna ranar da aka saya maka sabon takalmi ka rataya shi a wuya ka tafi makaranta cikin ƙanƙara da tsohon, wai kada ya lalace. Yanzu ka haura saba'in, ba abin da ya sauya sai gashin kai. In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, ai sai ka nemo taka ka ɗaura. Huji biyu ne fa, kowanne bai kai ƙwayar wake ba. Maxine da kanta huji biyu ne a kowane kunnenta, ban ji ka ce ta lalace ba.

Batun dillali mai tsoron Allah kuwa, ka tambayi abu mai wuya. Marigayi mijina ya sayi motoci da yawa, kuma kowanne dillali sai da ya raka shi har bakin titi yana ɗaga masa hannu, abin da ya sa na san an cuce shi ke nan. Ga dai abin da na koya. Kada ka dubi tutocin da suka rataya, kada ka sha kofinsu, kada ka yarda da wanda ya kira ka abokinsa kafin ya san sunanka. Tambaya ɗaya za ka yi: a ina surukarsa take sayen mota? In a wurinsa ne, zauna. In ba haka ba, ɗauki hularka.

Ka gaishe mini da Colleen, ka kuma daina ɗaga mata hankali.

Yayarka,
Arlene

Marinette

Yaya Arlene,

Gaisuwa da fatan alheri. Batun takalmi ƙarya ne, a hannu na riƙe shi.

Na gwada dabaruna. Na sayo maganaɗisu manya guda biyu, ashe fatar bambar roba ce, lambar ta zame ta faɗo mini a yatsan ƙafa. Na ɗaure ta da zaren fatsa, ta zauna daram, har na fara jin kaina. Sai na shiga injin wankin mota. Yaya, na shiga da lamba na fito babu. Mai wurin ya tsamo ta daga cikin burushi ta lanƙwashe kamar murfin tukunyar da aka taka. Na yini a gareji ina miƙe ta da guduma.

Da na ga tsugune ba ta ƙare ba, na tafi wurin dillalin nan na bakin babban titi, mai tutoci da balan-balan. Ban gama rufe ƙofa ba ya fito da haƙora farare tas.

"Abokina! Wannan tsohuwar fa? Ka zo ka yi mata ritaya ke nan?"

Na ce lamba na zo a maƙala mini. Ya ce ba matsala, in ba shi mukulli yaransa su duba. Na ba shi. Ashe ƙiyasta kuɗinta suka tafi yi. Ya zaunar da ni, ya cika ni da kofi, eh na sha, kada ki fara. Duk sanda na ce a ba ni mukullina sai ya ce yana wurin manaja, manaja ya fita, amma kafin ya dawo in leƙa wata sabuwa mai ɗumama kujera. Na ce kujerata ni nake ɗumama ta da kaina.

Can na tuna maganarki. Na ce, "Malam, surukarka a ina take sayen mota?"

Ya ce, "Ai ba ta tuƙi, Baba."

Matar da ke amsa waya ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Tana tuƙi mana. Green Bay take zuwa ta saya."

Na miƙe na ce ko a ba ni mukullina ko in kwanta a kan bonet ɗin sabuwar da takalmina. Nan take manaja ya dawo.

Yanzu ga shawarata. A mayar da rajistar motar da sunanki da adireshinki. Ta koma 'yar Michigan, lamba ɗaya, kowa ya huta. Ba wanda zai sani sai ni da ke.

Naki,
Vernon

Marinette

Zuwa ga Gwaggo Arlene,

Ina gaishe ki da girmamawa, yara ma suna gaisuwa. Na san Baba yana rubuto miki, domin duk kan sarkin gidan nan ya ƙare.

Na kuma san abin da ya roƙe ki, don ya fara gwada mijina a kan ko yana da ɗan'uwa a Michigan. Don Allah Gwaggo kada ki yarda. In wani abu ya faru a hanya, kamfanin inshora zai ce an yi masa ƙarya, ya zame.

Yanzu lambar tana jingine a cikin gilashin gaba, daidai inda ya kamata ya ga titi. Ɗan sandan da ya tare shi maƙwabcinmu ne, ya zo har gida ya ce yana kau da kai ne saboda ni, amma zuwa ƙarshen wata kawai.

Gwaggo, ba na son karɓar mukullin nan. Na faɗa cikin fushi a gaban yara, yanzu na rasa yadda zan janye. Ranar Lahadi na bi shi a baya bai sani ba. Ya yi ta gaba da baya a maƙabarta har sai da gaban motar ya fuskanci kabarin Mama, sannan ya fito ya goge fitilu da hannun riga, ya zauna a kan bambar yana ba ta labari. Na juyo gida ina kuka. Amma tausayi ba zai sa in bar shi yana leƙen hanya ta gefen farantin lamba ba.

Ke kaɗai yake jin tsoro. Ki yi wani abu.

'Yarki,
Colleen

Escanaba

Vern,

Ban yarda ba. Da girmana ba zan je ofishin hukuma in rantse a kan ƙarya saboda goshin mota ba.

Amma na yi maka cigiya. Akwai wani Gordy Pelkey a Peshtigo, ƙaramin fili gare shi bayan gidan mai. Surukarsa ta rasu, sai dai na samo abin da ya fi: tsohuwar matarsa. Ƙawata Bernice suna ajin ɗinki tare. Ta ce matar nan ba ta da hira sai zaginsa, wai marowaci ne, ga minshari, ga shi bai taɓa tuna ranar haihuwarta ba. Amma tun rabuwarsu motarta uku, duk a wurinsa ta saya. Da aka tambaye ta dalili ta ce, "Ai mutumin bai iya ƙarya ba, shi ya kashe auren."

Ka je. Ka kuma cire farantin nan daga gilashi kafin ka hau kan wani. Kada ka tambaye ni yadda na sani.

Arlene

Marinette
Ƙarshen Afrilu

Yaya Arlene,

Gaisuwa. Na je.

Ba tuta, ba kofi. Na same shi yana cin burodi da kifin gwangwani a kan bonet ɗin wata akori-kura. Bai ce mini aboki ba, bai ma tashi ba. Na yi masa bayani, ya zagaya motar sau ɗaya yana tauna.

Ya ce, "Akwai mariƙin da ake mannawa da gam. Ina da shi, zan iya sayar maka. Zai riƙe har sanyi ya shigo. Ranar da ka tura hancin motar cikin tudun ƙanƙara zai tsaya can, kai ka wuce. Sai ka dawo ka zage ni, ni kuwa masu zagina sun ishe ni."

Na ce to ba wata hanya? Ya ce akwai, in koma Michigan.

Raina ya ɓaci. Na ce, "To saye ta. Gara in rabu da ita lafiyayya da in ga an ɓata ta."

Ya dube ni, ya dubi tsumman da nake riƙe da shi. "Ba zan saya ba. Irinku na san ku. Kullum za ka zo ka tsaya a bakin waya kana hararar duk wanda ya taɓa ta, ka kore mini masu ciniki. Kuma wanda zai saye ta a nan, kafin ya bar filin nan sai na huda ta. Ko kai ko wani, Malam."

Wannan ban taɓa tunaninsa ba. 

Ya shiga ciki ya fito da injin huda da noti biyu. Ya durƙusa ya auna, ya ɗiga alama biyu da alli. Na juya baya don kada in gani. Na jira ƙara, shiru. Da na waiwayo sai na ga ni yake miƙo wa injin.

"Motarka ce. In ni na yi, har ka mutu ba za ka yafe mini ba."

Yaya, na durƙusa. Na farko ya shiga daidai kan alli. A na biyu idona ya cika da ruwa, hannuna ya goce, hujin ya sauka ƙasa da kusan faɗin yatsa. Muka ɗaura lambar, ta karkace kamar hular ɗan iska. Gordy ya ja baya ya kalla ya ce, "Ta yi muni. Zan iya gyarawa, amma sai an yi na uku." Na ce ko ya kashe ni. Bai karɓi ko sisi ba, ya ce bai yi aikin da zai sa sunansa a kai ba.

Daga can ban tsaya ba sai maƙabarta, hayin gada. Na ajiye ta yadda na saba, na ce, "Maxine, ga ta, ni na yi, ba wani ba." Na daɗe a zaune. Na san da tana nan da ta yi dariya har ta riƙe ciki.

Colleen ba ta ce komai ba tukuna, mukulli kuma yana aljihuna. Ban sani ba ko lamba karkatacciya tana cikin doka. In an bar ni, zan zo Asabar.

Ƙaninki,
Vernon

Escanaba

Vern,

Colleen ta bugo. Ta ce ɗan sandan ya gan ka jiya ka wuce, ya karkata kansa ya karanta lambar, ya ɗaga maka hannu. Mukulli naka ne.

Ka zo Asabar, zan gasa maka burodin nama da dankali. Na yi alkawari ba zan yi dariya ba sai ka shiga ciki.

Ranar Lahadi ka gaishe mini da Maxine.

Yayarka,
Arlene